Ragù alla bolognese

Ragù alla bolognese miyar nama ce ta Italiya da ake dafawa a hankali a kan wuta kaɗan, a ci da taliya. Asalinta birnin Bologna ne, wanda ake furtawa Bolonya, hedikwatar yankin Emilia-Romagna a arewacin ƙasar. A wajen Italiya an fi ɗaukarta a matsayin miyar tumatir mai ɗan nama a ciki, amma a gidajen Bologna nama ne uban tafiya, tumatir ɗan rakiya ne kawai.

Suna

Kalmar ragù ta fito ne daga ragoût ta Faransanci, wato naman da aka dafa cikin romo mai kauri, daga wani aikatau da ke nufin tayar da sha'awar abinci. Ba ta da alaƙa da ragon Hausa, duk da kamannin sauti.

Tarihi

A ƙarni na 18 girkin Faransa ne abin yayi a gidajen manyan Italiya, ta nan ragoût ya shigo. Da farko shi kaɗai ake cinsa, ba a zuba shi a kan taliya. Rubutu mafi daɗewa da aka saba ambata, wanda ya haɗa irin wannan nama da taliya, na Alberto Alvisi ne, kukun Kadinal, wato babban limamin cocin Katolika, na garin Imola da ke kusa da Bologna, wajen ƙarshen ƙarni na 18. Maigidan nasa, Barnaba Chiaramonti, shi ne ya zama Paparoma Pius na 7 a 1800.

Sunan Bologna ya manne wa miyar ne a littafin Pellegrino Artusi, La scienza in cucina e l'arte di mangiar bene, wanda ya buga da kuɗin aljihunsa a 1891. A girkin da ya kira maccheroni alla bolognese akwai naman ɗan maraƙi, da naman alade mai kitse da aka adana da gishiri, da man shanu, albasa, karas, seleri (wani kayan lambu mai dogon kara da ƙamshi), ɗan garin fulawa da romo. Babu tumatir ko ɗaya. Artusi ya ƙara da cewa mai so zai iya sa busasshen naman kaza na tsiro, wato laimar kwaɗi irin wadda ake ci, ko hantar kaza, ko rabin kofi na kirim ɗin madara a ƙarshe. Duk wanda ya dafa wannan girki a yau zai ga miya ce mai launin ƙasa-ƙasa, ba ja ba.

Tumatir baƙo ne a Italiya. Daga nahiyar Amurka aka kawo shi a ƙarni na 16, ya daɗe ana yi masa kallon hadarin kaji kafin ya shiga tukunya. Girkin miyar tumatir na farko da aka sani a buge a ƙasar na Antonio Latini ne, a birnin Napoli da ke kudu, cikin shekarun 1690. Arewa ta fi kudu jan ƙafa wajen karɓarsa, kuma ana ganin sai a ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20 ya zauna da gindinsa a ragù ɗin Bologna. A wancan zamani nama abincin biki ne da ranar Lahadi. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da hannun mutane ya buɗe, miyar ta zama ta kowane gida.

Girkin da aka yi wa rajista

A ranar 17 ga Oktoba, 1982, ƙungiyar Accademia Italiana della Cucina, wadda aka kafa a Milan a 1953 don kare girkin gargajiya, ta ajiye rubutaccen girkin a Cibiyar 'Yan Kasuwa ta Bologna. Ma'aunin shi ne giram 300 na naman sa, giram 150 na pancetta, wato naman cikin alade, giram 50 kowanne na albasa, karas da seleri, giram 300 na tumatir, sai rabin kofi na giyar inabi da rabin kofi na madara. Yankan da aka zaɓa shi ne naman da ke raba ƙirji da ciki, mai jure doguwar dahuwa.

An sabunta rajistar a Afrilun 2023. An ƙara naman zuwa giram 400, an rage tumatir zuwa giram 200 da cokali guda na tumatirin gwangwani mai kauri, madara kuma ta koma ganin dama. An yarda a ƙara hanta da ƙundun kaza, amma an kore tafarnuwa, da naman maraƙi, da fulawa. Biyun ƙarshen nan kuwa suna cikin girkin Artusi, ke nan da ya zo da tukunyarsa yau da an mayar masa da ita. Rajistar ba doka ba ce, kuma matan Bologna ba su fasa dafawa yadda iyayensu suka koya musu ba.

Yadda ake dafawa

Ana fara da narkar da kitsen pancetta a tukunya mai kaurin gindi. A da ta ƙasa ake so. Sai a zuba albasa, karas da seleri da aka yanka ƙanana sosai, a soya a hankali har su yi laushi ba tare da sun ƙone ba. Wannan haɗi shi ake kira soffritto. Daga nan a ƙara wuta, a zuba niƙaƙƙen nama mai ɗan tsakuwa, ba wanda aka niƙa luƙui ba. Zai fara fitar da ruwa ya yi fari-fari. Ana ci gaba da juyawa da cokalin katako har ruwan ya ƙafe, ƙarar tukunyar ta sauya daga tafasa zuwa suya, naman ya fara kama gindi. Ɗanɗanon miyar daga wannan kamu yake fitowa, shi ya sa ake zuba giyar a daidai lokacin, ta kankare abin da ya manne, a bar ta ta ƙone.

Bayan an sa tumatir da ɗan romo, sai a rage wuta, a rufe, a bar ta aƙalla awa 2, wasu har 4. Ba a so ta zabalbala. Kumfa ɗaya-ɗaya ce za ta riƙa tasowa. Daɗewar ce ke narkar da jijiyoyin naman su ba miyar danƙo. Idan ta yi ƙasa a ƙara romo kaɗan, madara kuma a tsakiyar dahuwa ko wajen ƙarshe, don ta kashe tsamin tumatir. Alamar nuna ita ce mai ya taso sama yana sheƙi, launin ya koma ruwan lemo mai duhu. Gishiri da masoro su ne kaɗai kayan ƙamshin.

Musulmi da sauran waɗanda ba sa cin alade ko amfani da giya sukan sa man shanu ko kitsen sa a madadin pancetta, romo kuma a madadin giya.

Taliyar da ake ci da ita

A Bologna da tagliatelle ake ci, taliya mai faɗi kamar ɗamara da ake murzawa da fulawa da ƙwai. Ita ma an yi wa faɗinta rajista a 1972: milimita 8 bayan ta dahu. Jikinta mai kaushi ne, don haka nama ke manne mata, ba ya zamewa ya taru a gindin kwano. Ana juya taliyar cikin miyar kafin a zuba, a barbaɗa cukun Parmigiano Reggiano. Ana kuma shimfiɗa miyar hawa-hawa a cikin lasagne, wato faya-fayen taliya masu faɗi da ake jerawa a gasa.

Ragù na Napoli

Na kudu daban ne: manyan tsokoki a cikin tumatir mai yawa, ana dafawa sa'o'i masu yawa. A ci miyar da taliya, naman kuma a ci shi daga baya.

A wajen Italiya

Spaghetti bolognese, wanda ya yi fice a Birtaniya da Ostareliya, ba girkin Bologna ba ne a ganin 'yan garin. A 2019 magajin garin, Virginio Merola, ya fito fili ya ce babu wani abinci mai wannan suna a birninsa.