Waiwaye: Yadda Kogin Haɗeja ya daina cika da janyewa

Kafin a gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano, wanda ke kwarara cikin Kogin Haɗeja, Kogin Haɗeja yana da lokacinsa. Da damina ya cika ya malale fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru, manomi ya shuka shinkafa, kifi ya bazu cikin ciyawa ya hayayyafa. Ruwa na janyewa sai a bi danshin da wake da kayan lambu, masunta su tare kifi a kududdufai, Fulani su sauko da shanu. Fili ɗaya, amma kowa da ranarsa.

An kammala Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ana tsakiyar raɗaɗin fari. Niyyar mai kyau ce: ruwan sha ga Kano, da noman rani a Kadawa da Kura, kuma an samu. A 1992 aka ƙara madatsar Challawa a kan ɗaya reshen da ke shayar da kogin. Sai dai mutanen ƙasan kogi ba su shiga lissafin ba.

Ambaliyar shekara-shekara ta ragu ƙwarai, sannan aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan har da rani. Nan ne gizo ke saƙar. A da, rani yakan busar da hanyoyin ruwa ya kashe ciyayi. Da danshi ya zauna duk shekara, sai kachalla ta samu gindin zama. Ta fi mutum tsayi, ta toshe magudanai har kwalekwale ba ya ratsawa, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Ruwan da ya kamata ya gangara Gashuwa sai ya karkata ta magudanar Marma zuwa tafkin Nguru. Wasu gonakinsu sun nutse, wasu kuma suna kallon busasshen kwari.

Tun shekarun 1990 masu bincike suka nuna cewa ruwan da aka bari ya malale fadama ya fi kawo amfani a kan wanda aka tsare don ban-ruwa, in aka haɗa kifi da kiwo da itace. Suka ba da shawarar a riƙa sakin ruwa da yawa da damina, a tsuke da rani. A 2006 jihohin da kogin ya shafa sun kafa asusun haɗin gwiwa don kula da shi. Har yau dai ƙarfin aikin ya fi tafiya wajen yankan kachalla da yashe magudanai, abin takaici, alhali tushen matsalar yana can bakin ƙofofin Tiga da Challawa.