Cire tamostat ba ya maganin zafin inji

Da zarar tsohuwar Golf ko Corolla ta fara tafasa a Bauchi, sai ka ji bakanike ya ce, "Alhaji, a cire tamostat, don ƙasar sanyi aka yi shi." Wannan magana ta daɗe a garejinmu, kuma tana cutar masu mota.

Tamostat ɗan bawul ne da ke tsare ruwa cikin inji har zafinsa ya kai wajen digiri 80 zuwa 90, sannan ya buɗe ya sake shi zuwa lagireto. A wannan zafin aka ƙera injin ya yi aiki. In an cire shi, injin kan daɗe bai ɗumama ba, musamman da asubar hunturu, sai ya yi ta shan fetur, ƙarafunansa na cin juna a hankali.

Abin da ya fi damuna, asalin cutar na nan. Sau da yawa lagireto ne ya toshe da tsatsa saboda ruwan rijiya da muke ɗura masa, ko fanka ta mutu, ko murfin lagireton ya saki. Wata rana a hawan Jos sai gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone, kuɗin buɗe kan inji kuwa ya ninka na sabon tamostat sau da yawa.