Amfilifaya mai kwalba da hedifon

Amfilifaya mai kwalba na'ura ce ta ƙara ƙarfin sauti wadda ke aiki da kwalaben gilashi da aka zuƙe iskar cikinsu, maimakon tiransisto irin na cikin waya da rediyon zamani. Mutanen Ingila na kiran kwalbar bawul. A Amurka da Turai da Japan da Sin akwai masu sha'awa da ke tara waɗannan na'urori tare da hedifon iri-iri, su cire wannan su sa wancan, suna kasa kunne don jin inda sauti ya bambanta. Bambancin yana nan, sai dai sau da yawa ba daga inda ake zato yake fitowa ba.

Yadda kwalba ke aiki

Wanda ya leƙa cikin kwalba tana aiki zai ga wata siririyar waya ta yi ja kamar garwashi. Ita ke dumama ƙarfen da ake kira katod, shi kuma ya saki ilektiron, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki, su tsallaka zuwa farantin da ke ɗauke da wuta mai ƙarfi. A tsakaninsu akwai raga. Ɗan raunannen sautin da ya shigo ana kai shi ga ragar ne, ita kuma ta riƙa buɗe hanya tana rufewa kamar kan famfo, sai wutar farantin ta kwaikwayi sautin da ƙarfi ninki-ninki. John Ambrose Fleming ne ya ƙera kwalba mai sassa biyu a Ingila a 1904, Lee de Forest na Amurka ya ƙara sashe na uku, wato ragar, a 1906. Dattawan da suka riski rediyon da ake kunnawa sai an ɗan jira kafin murya ta fito, ɗumin wannan waya suke jira.

Bayan ƙirƙiro tiransisto a ɗakin bincike na Bell a 1947, kwalba ta yi ta ja da baya, don tiransisto ya fi ta araha da ƙanƙanta, ba ya cin wuta kamarta. Amma masu kiɗan jita da masoya sauti ba su sake ta ba. Har yau ana amfani da samfurori irin su 6L6 na kamfanin RCA na 1936, da 300B na Western Electric na 1938, da 12AX7 wadda Turai ke kira ECC83.

Hedifon

Nathaniel Baldwin ya haɗa hedifon a jihar Yuta a 1910, rundunar ruwan Amurka ta saya. Beyerdynamic na Jamus ya fito da DT 48 a 1937, John Koss ya kawo mai sitiriyo a 1958, Sennheiser kuma ya fitar da HD 414 a 1968, mai buɗaɗɗen baya. Mai buɗaɗɗen baya yana sa mutum ya ji kamar makaɗan na zaune a fili kewaye da shi, amma na kusa na jin abin da kake ji, kai ma kana jin hayaniyarsu.

Daga ina "ɗumin" yake zuwa

Masu sha'awar na yawan cewa sautin kwalba yana da ɗumi da taushi. Akwai dalilai da ake iya aunawa. Kwalba mai sassa uku, musamman idan ita kaɗai ke tura sautin, tana ƙara wa kowane amo wani ɗan amo mai ninkin kaɗawarsa biyu: na 440 a daƙiƙa ya samu rakiyar na 880. A lissafin injiniya gurɓata ce, amma kunne na karɓarta a matsayin kauri, don amon biyu suna jituwa. Haka kuma idan an matsa mata fiye da ƙarfinta, a hankali take gajiyawa, ba ta yanke sautin farat ɗaya.

Dalili mafi girma kuwa, wanda sabon shiga ya fi mantawa da shi, shi ne turjiya, wato yadda na'ura ke tare wa wuta hanya, wadda ake aunawa da om. Kowane hedifon na da tasa, kowace amfilifaya ma na da tata a bakin fita. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce ta amfilifaya kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na ta hedifon. Amfilifaya mai kwalba marar taransifoma a bakin fita, irin mai aiki da kwalbar 6080 ko 6AS7, turjiyarta kan kai om 100 ko fiye. A haɗa ta da Sennheiser HD 600 na 1997, mai om 300. Turjiyar wannan hedifon ba a tsaye take ba, tana hawa zuwa wajen om 500 a yankin amo mai kauri, don haka yankin nan ya fi samun rabon wuta, ganga ta ƙara cika kunne. A cire shi a sa hedifon mai om 32, sai kaurin ya saki, ya yi laɓo-laɓo, ƙarfin ma ya gaza. Kwalba ɗaya, waƙa ɗaya, hukunci biyu. Shi ya sa duk wanda ya ce amfilifaya kaza ta fi kaza ba tare da ya faɗi hedifon da ya sa ba, rabin zance ya yi.

Sauya kwalabe

Mafi daɗin wannan sha'awa ga masu ita shi ne sauya kwalba. A kashe na'ura, a bar ta ta huce, a kama gindin kwalbar a ɗan jijjiga a zare, a duba tsarin ƙafafun sabuwar kafin a dasa. Tsofaffin da ba a taɓa amfani da su ba, ƙirar Mullard a Blackburn ta Ingila ko Telefunken a Jamus, sun fi tsada, kuma jabunsu sun yi yawa, domin buga tambari a jikin gilashi ba wuya. Sababbi na fitowa daga JJ Electronic a Sulobakiya, da masana'antar Saratov a Rasha, da wasu a Sin. A 2022, da yaƙin Yukiren ya taɓa fitar da kaya daga Rasha, kwalabe sun yi ƙaranci, farashi ya tashi.

Kwatanci na gaskiya yana da sharaɗi. Kunne kan ɗauki wanda ya ɗan fi ƙara a matsayin wanda ya fi kyau, kuma kwalabe biyu masu lamba ɗaya ba lallai ƙarfinsu ya zo daidai ba. Dole a daidaita ƙarar da mita. Sannan mintunan da ake ɗauka ana jiran hucewa da sake ɗumi sun fi ƙarfin abin da kunne ke iya riƙewa dalla-dalla. Gwajin da ya fi inganci shi ne wani ya yi sauyin, mai sauraro bai san wacce ke ciki ba. A irin wannan gwaji, bambancin hedifon da hedifon yana fitowa fili, na kwalba da 'yar'uwarta kuwa yakan ƙanƙance.

Hatsari

Wayar ɗumin bolt 6.3 kawai take sha a yawancin samfurori, amma farantin na iya ɗaukar bolt 250 zuwa sama da 400, kuma kwandansa, wato ma'ajiyar wuta da ke cikin na'urar, na riƙe wutar ko bayan an cire filogi. Buɗe cikin na'urar aikin mai gyara ne. Inda wuta ke hawa da sauka, sitabilaiza na tsawaita ran kwalba. Ga kunne kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar kada su wuce awa 40 a mako a kan ƙarar desibel 80.