Ma'anar "memori", da abin da kwamfutar ZX81 ta fayyace tun 1981

Kwanan nan da wuya a ji tallar waya a rediyo ba a ambaci "memori" ba, kuma mai talla yakan ce wayar tana da memori giga 128, don haka ba za ta yi nauyi ba. Wannan "don haka" ita ce ke damuna, domin abubuwa biyu mabambanta aka cusa cikin kalma guda. Akwai ma'ajiya, inda hotuna da manhajoji ke zama ko da an kashe waya, akwai kuma RAM, inda na'ura ke baje aikin da take yi a lokacin, wanda duk abin da ke cikinsa ke gushewa da zarar wuta ta ɗauke. Ma'ajiya rumbu ce, RAM kuwa turmi ne, kuma komai girman rumbu, abin da turmi ya ɗauka shi ake dakawa. Masu fassara kalmar da "ƙwaƙwalwa" sun ƙara dagula lamarin a ganina, tunda ƙwaƙwalwar mutum ita ke ajiya, ita ke tunani.

A kan ZX81 babu mai yin wannan kuskure, saboda abubuwan biyu a rabe suke a kan tebur. Kamfanin Sinclair Research na Clive Sinclair, wanda a lokacin yake Kambirij a Ingila, shi ya fito da ita a watan Maris na 1981, kamfanin Timex kuma ya riƙa haɗa ta a Dundee ta Sikotilan. A lokacin kuɗinta fam 69.95, ko fam 49.95 ga wanda zai haɗa sassanta da kansa, kuma wannan araha ce ta sa aka sayar da fiye da miliyan ɗaya da rabi. An rage kuɗin ne ta hanyar dogara da kayan da ke gida, wato talabijin ya zama allonta, rediyo mai kaset kuma ya zama ma'ajiyarta, inda ake naɗar manhaja a matsayin sauti.

RAM ɗinta kilobait 1 ne kacal, gurbin haruffa 1,024, alhali allonta mai layi 24, kowanne da harafi 32, yana cinye kusan kashi uku cikin huɗu na wannan idan ya cika. Mutum na iya tara kaset ɗari a ɗaki, amma ko harafi ɗaya ba su ƙara wa turmin ba. Shi ya sa masu ita da yawa suka sayi ƙarin RAM mai kilobait 16 da ake maƙalawa a bayanta. Mahaɗin nasa ba shi da ƙwari, ta yadda ɗan motsi kan sa kwamfutar ta tsaya cak, aikin sa'o'i ya salwanta, sai dai abin da aka riga aka naɗa a kaset.