Lissafin Koyo da Zaɓi a Wajen Dabbobi

Wannan reshe ne na nazarin halayyar dabbobi da ke amfani da lissafi wajen bayyana yadda dabba ke koyon bambance abu biyu, da yadda take zaɓen ɗaya. Ya kafu a Amurka daga 1950 da aikin William Estes, sai Robert Bush da Frederick Mosteller suka biyo baya a 1951. Yawancin gwaje-gwajen da ɓeraye aka yi su, da kuma tattabaru irin waɗanda ake kiwo a gidaje cikin unguwannin Kano.

A 1961, Richard Herrnstein na Jami'ar Harvard ya sa tattabara a akwati mai maɓallai biyu. Kowane ta sara, tsaba kan fito jefi-jefi, amma ɗaya ya fi ɗaya bayarwa. Mutum zai zaci za ta tare a wajen mai yawan. Ba haka ta yi ba. In kashi biyu cikin uku na tsabar daga hagu yake fitowa, to kusan kashi biyu cikin uku na sararta can yake tafiya. Wannan ita ce ƙa'idar daidaito. William Baum ya faɗaɗa ta a 1974, ganin cewa dabba kan gaza cika ma'aunin, ko ta karkata gefe guda.

Lissafin da ya fi tasiri shi ne na Robert Rescorla da Allan Wagner, 1972, kuma ƙarfinsa yana cikin sauƙinsa. Koyo yana tafiya ne da tazarar da ke tsakanin abin da dabba ta sa rai da abin da ta samu. A ce ladan 100 ne, tsammaninta 0, kuma kowane zagaye tana cike rabin tazarar: za ta kai 50, sai 75, sai 87.5, tana rage gudu. Da shi aka fahimci abin da Leon Kamin ya gano: ɓeran da ya riga ya san ƙara na nuna zuwan girgizar lantarki, in an haɗa masa ƙarar da haske kafin girgizar, kusan ba ya koyon komai game da hasken, domin babu abin mamaki.

Lissafin yana da giɓi. Bai bayyana dalilin da ya sa ɗabi'ar da aka kashe, wato wadda dabba ta daina bayan an janye ladan, kan dawo da kanta bayan hutu ba. Duk da haka, a 1997 Wolfram Schultz da abokan aikinsa sun nuna ƙwayoyin ƙwaƙwalwar biri masu fitar da dofamin, wani sinadarin isar da saƙo, suna aika saƙo mai kama da wannan tazara.