Amincewar Hukuma Kan Sauyin Mallakar Kamfanonin Sadarwa a Nijar

Wannan izini ne da ake nema daga hukuma kafin kamfanin sadarwa, ko kamfanin da ke riƙe da turakun antena, ya koma hannun sabbin masu shi. Dalilin ƙa'idar shi ne, zangon iskar da ake kira da shiga intanet ta cikinsa dukiyar ƙasa ce. Lasisi ake ba kamfani ya yi aiki da ita bisa sharuɗɗa, kuma ba a miƙa lasisin ga wani sai da yardar hukuma.

A Nijar, hukumar da ke sa ido a kan harkar ita ce ARCEP mai mazauni a Yamai, wadda aka kafa a 2018 ta gaji tsohuwar hukumar sadarwa mai suna ARTP. Abin da akan duba shi ne ko mai saye yana da jari da ƙwarewar ci gaba da aiki, ko zai ɗauki nauyin alkawuran lasisi, da ko cinikin zai tara kasuwa a hannu ɗaya.

Kamfanonin ƙasar sun sha sauya hannu. Celtel ya zama Zain, a 2010 Bharti Airtel na Indiya ya saye shi. Moov ya koma hannun Maroc Telecom a 2015. A Nuwamba 2019 Orange na Faransa ya sayar da reshensa ga Zamani Com bayan hukumomi sun amince, shi ne Zamani Telecom na yau.

Batun turaku ya fi wuya, kuma ya cancanci a fi sa masa ido. Airtel ya sayar da turakunsa ga Eaton Towers yana biyan haya a kansu, sannan a ƙarshen 2019 American Tower na Amurka ya saye Eaton baki ɗaya, a cinikin kusan dala biliyan 1.85 da ya haɗa ƙasashe 5: Gana, Yuganda, Kenya, Burkina Faso da Nijar. A irin wannan ciniki uwar kamfani ce ake sayarwa a waje, reshen da ke cikin ƙasa bai motsa ba, amma mai faɗa a ji ya sauya. Turke ɗaya a karkarar Tawa yana iya ɗauke da antenar kamfani fiye da ɗaya. Idan sabon mai shi ya ƙara kuɗin haya, ko ya yi sake da man janareta da gyara, ƙauyuka ne za su wayi gari babu rezo.