Waiwaye: Wa ke karɓar diyya idan doka ba ta san da zaman ba?

Kwana 11 kacal bayan harin 11 ga Satumba 2001, Shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar da ta kafa asusun biyan diyya ga waɗanda harin ya rutsa da su. Sharaɗinta shi ne duk wanda ya karɓi kuɗin asusun ya yafe damar maka kamfanonin jiragen sama a kotu. Lauya Kenneth Feinberg aka damƙa wa ragamar aikin, kuma kafin a rufe shi a 2004 an biya kimanin dala biliyan 7 a kan buƙatu 5,560, na mamata da na waɗanda suka jikkata. Tambayar da ta taso ita ce makomar waɗanda suke zaman tare da mamatan ba tare da aure ba, musamman masu jinsi ɗaya.

Kashi biyu ake lissafawa. Na farko shi ne abin da mamacin zai samu da ya rayu, bisa shekarunsa da albashinsa da yawan masu ci a ƙarƙashinsa. Na biyu kuɗin raɗaɗi ne, dala 250,000 kan kowane mamaci, da ƙarin dala 100,000 ga mata ko miji da kowane wanda yake ciyarwa. Daga jimillar ake cire inshorar rai da fansho.

A wurin miƙa kuɗin aka samu cikas. Asusun ba ya sauraron kowa sai wakilin mamaci, wato wanda wasiyya ta ambata ko wanda kotun jiha ta naɗa ya kula da dukiyarsa, kuma yawancin rabon dokar gado ta jihar mamacin yake bi. In babu wasiyya, layin magada a bayyane yake: mata ko miji, 'ya'ya, iyaye, sannan 'yan'uwa. A 2001 babu jihar da ke ɗaura auren jinsi ɗaya, sai Vermont da ta fara rajistar wata yarjejeniyar zama tare a 2000. Wata dokar tarayya ta 1996 kuma ta ce aure tsakanin namiji da mace ne kawai. Saboda haka wanda ya shekara 20 gida ɗaya da mamaci, suna biyan bashin gidan tare, a idon dokar gado bare ne. Ɗan'uwan da rabonsa da mamacin an jima yana gabansa a layi.

Jihar New York ce ta fara motsawa. A Oktoban 2001 Gwamna George Pataki, ɗan jam'iyyar Republican, ya ba da umarnin cewa hukumar tallafa wa waɗanda aka yi wa laifi ta ɗauki abokan zama, wato masu zaman tare ba tare da aure ba, kamar ma'aurata a kan wannan hari. A 2002 majalisar jihar ta bayyana cikin doka cewa nufinta abokan zama su samu rabo a asusun tarayya, ta kuma buɗe musu diyyar ma'aikatan da suka mutu a bakin aiki. A watan Yunin shekarar Bush ya sa hannu a wata doka mai sunan Mychal Judge, limamin kirista na 'yan kwana-kwanan New York da ya mutu a harin. Ta ce idan ɗan sanda ko ɗan kwana-kwana ya mutu ba mata ba 'ya'ya, a biya wanda ya rubuta a takardar inshorarsa.

Shi kuwa Feinberg, ɗai-ɗai ya riƙa duba lamarin. Inda dangi da abokin zama suka daidaita, sai ya amince da rabonsu. Inda ba su daidaita ba, sai a nemi shaida: takardar haya ko ta mallakar gida mai suna biyu, asusun banki na haɗin gwiwa, rajistar zama tare a ofishin birni, sunan da ke kan inshora. Mutum na cikin makoki, ga shi yana zazzage akwatin takardu yana neman tsofaffin rasiɗan wuta da ruwa don ya tabbatar wa hukuma cewa gidansu ɗaya. Matar aure takarda guda take nunawa a wuce wurin.

Shari'o'i biyu sun nuna yadda sakamako ya bambanta. Wata ma'aikaciya ta mutu a ginin Pentagon, hedikwatar tsaron Amurka da ke jihar Virginia, ta bar abokiyar zamanta ta shekara 18. Asusun jihar Virginia ya ce ba ta cikin waɗanda doka ta lissafa, amma a 2003 asusun tarayya ya biya ta sama da dala 550,000. A New York kuwa wata ta mutu ba wasiyya, kotu ta naɗa ɗan'uwanta wakili. Asusun ya ƙara kimanin dala 253,000 a kan lissafin saboda akwai abokiyar zama, jimilla ta haura dala 530,000, amma duka hannun ɗan'uwan kuɗin suka shiga, ya ƙi rabawa. Sai a 2006 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta ce abokiyar zaman na da hurumin ci gaba da shari'a. A nan ne tsarin ya gaza ƙarara: an lissafa asarar da sunan mutum ɗaya, aka miƙa kuɗin ga wani, aka bar su su ƙare a gaban alƙali.

Daga baya dokar aure ta sauya. Massachusetts ta fara ɗaura irin wannan aure a 2004, New York a 2011, shekarar da aka sake buɗe asusun don ma'aikatan ceto da ƙurar wurin ta jawo wa cututtuka. Kotun Ƙolin Amurka ta soke ma'anar aure da ke dokar 1996 a 2013, sannan a 2015 ta halatta auren a duk jihohi.

Hakan ya warware matsalar masu takardar aure kaɗai. A Yunin 2016, da aka kashe mutum 49 a Pulse, gidan rawa na masu neman jinsi ɗaya da ke birnin Orlando, an tara gudummawar kusan dala miliyan 30, aka kuma nemi shawarar Feinberg. An ware dala 350,000 ga iyalan kowane mamaci. Akasarin mamatan matasa ne da ba su yi aure ba, kuma ba kowane matashi ke rubuta wasiyya ba. Inda masu neman kuɗin suka kasa daidaitawa, kotun gado aka tura su, ita kuma da layin magada take aiki.